Aikin tsara masu sa-kai a hanyoyin dajin Amurka: abin da ya ƙunsa da inda yake kwaɓewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, na ga wata ƙungiya mai kula da hanyoyin ƙafa na cikin daji tana neman wanda zai tsara mata ayyukan masu sa-kai na wata shida, daga Mayu zuwa Oktoba. Ina da ƙarfi, na saba da aikin gona tun ina yaro, amma ban san abin da wannan aiki ya ƙunsa ba. Me zan riƙa yi, me ya kamata in koya, kuma a ina aka fi samun matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙarfin da ka ambata zai yi maka rana, amma ba shi suke nema ba. Majiya ƙarfi suna zuwa musu kyauta kowace Asabar. Abin da suke biyan kuɗi a kansa shi ne mutumin da zai sa mutane goma sha biyu da ba su san juna ba, wasunsu ma ba su taɓa riƙe diga ba, su yi awa biyar a daji, su gyara abin da ya kamata a gyara, su koma gida lafiya, kuma su sake dawowa wata mai zuwa. Mafi yawan wannan aiki ana gama shi ne tun kafin ranar fita. Idan ka taɓa ganin gayyar noma wadda mai gona bai tanadi fartanya ba, bai kuma nuna wa kowa inda zai kama ba, to ka san yadda rana take tafiya a banza alhali mutane sun zo da kyakkyawar niyya.

Dalilin da ya sa ake ɗaukar mutum a biya shi don wannan a fili yake. Hukumar gandun daji ta tarayya, Forest Service, ita kaɗai tana da hanyoyi da tsawonsu ya haura mil dubu 150. A 2013 ofishin bincike na majalisar dokoki, GAO, ya fitar da rahoton cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗannan hanyoyi suka kai matsayin da hukumar ta gindaya wa kanta, kuma a 2016 majalisa ta yi dokar da ta umarci hukumar ta ninka gudummawar masu sa-kai. Hanyar Appalachian, wadda ta tashi daga Georgia zuwa Maine, mil kusan 2,200 ta ratsa jihohi 14, ƙungiyoyin sa-kai kusan 30 ne ke riƙe da ita, kowacce da yankinta. Haka abin yake a hanyar Pacific Crest mai mil 2,650 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada. Ma'aikatan gwamnati ba su isa ba, masu son taimakawa kuma suna da yawa. Kai ne za ka tsaya a tsakani.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne ƙasar ba ta ƙungiyarku ba ce. Akwai mai ita: hukumar gandun daji, ko hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasa, ko jiha, ko ƙaramar hukuma. Akwai kuma jami'i guda da zai ce eh ko a'a ga duk abin da za ka taɓa. Ka san shi tun makon farko, ka san lambar wayarsa, ka san ranar da yake ofis. Share hanya da yashe magudana da sare reshe, waɗannan gyara ne na yau da kullum. Amma karkatar da hanya ko da mita 20 ne, ko kafa sabuwar gada, ko haƙa a inda ba a taɓa haƙawa ba, wannan sai da izini a rubuce, domin dokar muhalli da dokar adana kayan tarihi ta 1966 sun wajabta a duba wurin tukuna. Ƙila akwai tsiron da ke ƙarƙashin kariya, ƙila akwai kufan ƙabilun asali. Sabbin shiga sun fi faɗawa a nan: su ga hanya ta bi ta cikin taɓo, su ga tudu mai kyau a gefe, su sa mutane su yanke sabuwa a yini guda. Aikin na iya yin kyau ƙwarai, amma ya jawo wa ƙungiya asarar amincewar da ta yi shekaru tana ginawa.

Sai takarda. A ƙasar gwamnatin tarayya kowane mai sa-kai yana sa hannu a yarjejeniya, fom mai lamba OF-301a, ko kuma a jera sunaye a OF-301b idan rukuni ne. Kada ka ɗauke ta kamar cika ƙa'ida. Ita ce ke sa a ɗauki mutum tamkar ma'aikacin gwamnati wajen biyan magani da diyya idan ya ji rauni. Wanda bai sa hannu ba ya sare ƙafarsa, babu abin da ya rufe shi. Kuma kariyar ta tsaya ne a kan aikin da aka rubuta: in takarda ta ce share ciyawa, shi kuwa ya ɗauki zarton inji, ya fita daga cikinta. Yaro da bai kai shekara 18 ba sai mahaifi ko waliyyi ya sa masa hannu, ba malamin makarantar da ya rako su ba.

Duba wuri kafin ranar aiki

Kada ka taɓa kai mutane wurin da ba ka taka da ƙafarka ba cikin mako ɗaya ko biyu da suka wuce. Rahoton bara ba ya aiki, domin dusar ƙanƙara da iskar hunturu sun sauya komai. Ka tafi da littafi, da tef na awo, da kilinomita, wato ƙaramin ma'aunin gangare da ake leƙawa da ido ɗaya, da ƙananan tutoci masu launi. Ka rubuta minti nawa ne daga inda ake ajiye mota zuwa wurin aiki, sannan ka ƙara rabin wannan lokaci, domin rukuni ɗauke da kayan aiki ba ya tafiya kamar mutum ɗaya. Ka ƙirga magudanan da suka toshe, ka auna kaurin kowane gungumen da ya tare hanya, ka ɗaga kai ka duba busassun itatuwa da karyayyun rassan da ke rataye a sama da inda mutane za su tsaya. Ka gwada waya a wurare uku ko huɗu ka ga inda sabis yake ɗaukewa. Ka kafa tuta a kowane wurin aiki, ka rubuta mata lamba, yadda ranar aiki za ka ce wa mutum biyu "ku kama daga tuta ta 4 zuwa ta 7" ba tare da ka tsaya a kansu ba.

Idan mutum 15 suka yi rajista, tsara aikin da mutum 10 za su iya gamawa, ka ajiye ƙarin da zai ɗauki sauran. Wanda ba a biya ba yana iya fasawa da safe saboda ya ga hadari, kuma ba ka da bakin faɗa. Saƙon tuni kwana uku kafin ranar, da wani a jajibiri, yana rage wannan sosai. Saƙon ya faɗi gaskiya: tafiyar mil nawa, hawan ƙafa nawa, babu bayi, a zo da dogon wando da takalmi mai ƙarfi da abincin rana da ruwa lita uku in ana zafi. Wanda ka ɓoye masa wahalar hawa don kada ya fasa, shi ne za ka ɗauko a kafaɗa.

Ruwa

A nan ne ilimin sana'ar yake, kuma a nan za a gane ko ka iya. Ba ƙafar mutane ce ke kashe hanya ba, ruwa ne. Ƙafa tana danne tsakiyar hanya ta zama ɗan kwari, ruwan sama ya sami kwarin ya bi shi, yana ƙara gudu yana kwashe ƙasa, har saiwoyi da duwatsu su fito fili. Mutane su ƙi taka wurin, su raɓa ta gefe, hanya ɗaya ta zama uku. Duk abin da za ku yi da diga manufarsa guda ce: ruwa ya tsallaka hanya ya wuce ƙasa, kada ya bi ta.

Akwai ƙa'idoji uku da ya kamata su zauna maka a ka. Ta farko, gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren tudun da ta ratsa. Idan gefen tudun yana gangara kashi 20 cikin 100, wato mita 20 a kowace mita 100, to hanyar kada ta wuce kashi 10. Da zarar ta wuce rabi, ruwa ya fi samun sauƙin bin hanyar da tsallaka ta, kuma ko magudana nawa kuka haƙa ba za ku ci nasara ba. Irin wannan wuri sai dai ka rubuta shi cikin waɗanda ke buƙatar karkatarwa. Ta biyu, matsakaicin hawan hanya gaba ɗaya ya tsaya wajen kashi 10 cikin 100. Ta uku, doron hanya ya ɗan karkata waje, wajen gangare, da kusan kashi 5 cikin 100. A hanya mai faɗin santimita 60, wannan na nufin bakin waje ya fi na ciki ƙasa da santimita 3 kacal. Masu sa-kai kullum suna wuce gona da iri a nan. In ka ce a karkata, sai su karkata har idon sawu ya riƙa gurɗewa. Ka aza ƙotar kayan aiki a gicciye a kan hanya ka nuna musu da ido.

Da shekaru, ƙasa da ruɓaɓɓen ganye suna taruwa a bakin hanya ta waje su yi kunya, kunyar nan ta tsare ruwa a ciki. Ta ciki kuma ƙasar da ke zubowa daga sama tana cinye faɗin hanya, tana tura masu tafiya zuwa baki, har hanyar ta riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan. Gyaran shi ne a rushe kunyar gaba ɗaya, a kwashe abin da ya zubo ta ciki, a maido da doron inda yake tun asali. Kuskuren da ake yi shi ne a janyo ƙasar kunyar a cike kwarin tsakiya da ita. Rabinta ganye ne da saiwa, za ta ruɓe ta zama laka cikin shekara guda. Baƙar ƙasa mai taushi ta sama a watsa ta nesa a gangare. Abin da ake cike hanya da shi ita ce ƙasar ƙarƙashi mai tsakuwa, a zuba ta kaɗan-kaɗan, a daddaɓe kowane zubi kafin a ƙara wani.

A inda ruwa ke kwanciya a shimfiɗaɗɗen wuri, ana fafe bakin hanya ta waje a yi rabin da'ira mai faɗin kusan mita 3, a karkata ta fiye da sauran doron, wajen kashi 15 cikin 100. A inda hanya ke gangara, abin da ya fi daɗewa shi ne a yi ɗan kwari mai faɗi, sannan a ɗaga hanya a hankali bayansa na tsawon mita 3 zuwa 6, yadda ruwa dole ya fita domin ba ya hawa tudu. Idan an yi shi da kyau mai tafiya ba ya ma lura da shi. Tsohuwar dabara ita ce a binne gungume ko jerin duwatsu a gicciye. Har yanzu za ka tarar da su da yawa, kuma dole ku yashe su, amma suna da aibi biyu: suna cika da ƙasa da wuri, mutane da dawaki kuma suna kewaye su. In an ce lallai sai an sa, a karkata shi aƙalla digiri 45. Wanda aka shimfiɗa a miƙe yana tsayar da ruwa, ruwa ya sauke yashin da ya ɗauko, kafin lokacin ruwa ya wuce ya binne.

Wajen yashe magudana, abin da sabon hannu ke yi shi ne ya haƙa siririn rami mai faɗin bakin shebur, ya tsaya a bakin hanya. Ganyen kaka na farko zai toshe shi. Bakin fita ya kai faɗin shebur biyu ko fiye, ya ci gaba da gangara har inda ruwa ba zai iya komowa kan hanya ba. In kana shakka, zuba rabin gorar ruwa ka ga inda ya nufa. Kuma in dama ta samu, ka taka yankinka ana tsaka da ruwan sama. Awa guda ta wannan ta fi karatun mako.

Sare ciyayi da rassa shi ne aikin da aka fi ba sababbi, ga shi kuwa yana da nasa ƙa'idoji. Hanyar mutane ana buɗe ta sama har ƙafa 8, ta dawaki ƙafa 10, faɗin kuma mai ƙasar ne zai faɗa maka. Ƙaramin itace a yanke shi daidai da ƙasa. Wanda aka bari da tsini mai tsawon taƙi mashi ne ga wanda ya faɗi. Reshe a yanke shi kusa da jikin bishiya, ba a bar guntu ba, ba a kuma yanko fatar bishiyar ba. In za a cire fiye da rabin rassan ƙaramar bishiya, gara a cire ta duka. A fi sare ɓangaren sama na hanya, domin ciyayin wannan gefe ne ke tura mutane baki. Abin da aka sare a ja shi nesa ta gangare, yankakken bakin ya juya wa hanya baya.

Gungume da dutse

Zarto ba na kowa ba ne. Tun 2016 hukumar gandun daji ta sa doka guda ga ma'aikata da masu sa-kai: wanda zai riƙe zarton inji ko babban zarton hannu na mutum biyu sai yana da shaidar horo, mataki A ko B ko C, da shaidar taimakon gaggawa, kuma ana sabunta shaidar zarton duk shekara uku. Mai matakin A ba ya aiki sai ƙarƙashin idon wanda ya fi shi. Yanka gungumen da ya faɗi daban, kayar da bishiyar da ke tsaye daban, kowanne da shaidarsa. Aikinka ne ka riƙe jerin waɗanda ke da shaida da ranar ƙarewarta.

A yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa, an hana inji da duk abin hawa mai taya, har baro. Can sai zarton hannu da gatari, kuma galibi akwai iyakar yawan rukuni. A wurare da dama na jihohin Washington da Oregon 12 ne, har da dabbobin da ke ɗaukar kaya a lissafin. Wasa irin wannan zarto sana'a ce ta mutane ƙalilan, don haka kada a bari haƙoransa su taɓa ƙasa ko dutse, kada kuma wani mai karambani ya sa masa magagari.

Haɗarin gungume ba a zarton yake ba, a nauyin da ke danne cikinsa yake. Gungumen da ya kwanta a kan tudu biyu, tsakiyarsa ba ta taɓa ƙasa, samansa a matse yake, ƙasansa a miƙe. In aka yanka daga sama ba weji, wato abin da ake cusawa a tsagar don kada ta rufe, zai cije zarto. Wanda kansa guda ke lilo, akasin haka ne, zai tsage ya buɗe. Ƙaramar bishiyar da gungume ya lanƙwasa ya danne, in aka sake ta ba dabara, tana iya karya haƙarƙari. Mai yanka ya tsaya ta saman tudu, kowa ya kauce daga inda guntun zai mirgina, a kuma sa mutum a kowane gefen hanya ya tsayar da masu wucewa.

Na dutse gajere ne: dutsen da mutum ɗaya zai ɗauka cikin sauƙi ya yi ƙanƙanta ga matakala. Ana tura shi da dogon ƙarfe, ba a ɗaga shi da baya. A haƙa masa mazauni, a binne aƙalla kashi ɗaya cikin uku, a cike bayansa da fasasshen dutse ba ƙasa ba. Tsayin kowane mataki inci 6 zuwa 8. In ya wuce haka mai jaka a baya zai kewaye. Gwaji shi ne mutum ya hau ya yi tsalle a kowace kusurwa. In ya motsa, a ciro a sake. Yatsu kuma ba sa shiga ƙarƙashin dutsen da ƙarfe kaɗai ke riƙe da shi.

Ranar aiki

Ka riga kowa isa da aƙalla minti 45. Ka jera kayan aiki a ƙasa iri-iri, ka ƙirga, ka rubuta. Biyu daga ciki za ka fi jin sunansu: Pulaski, gatari ta gefe guda, siririyar fartanya ta ɗaya gefen, mai ɗauke da sunan Ed Pulaski, jami'in gandun dajin da ya yi suna a gobarar Idaho ta 1910, da McLeod, faffaɗar fartanya mai haƙoran manjagara a bayanta, wadda ake daddaɓe ƙasa da ita. Duk ƙotar da ta tsage ko kan da ke girgiɗi a ware shi tun a sito.

Bayanin tsaro kada ya wuce minti 15, domin bayan haka ba mai saurare. Hular kwano, safar hannu, tabarau. Kayan aiki a riƙe shi a hannu ta gefen gangare, kaifi na kallon ƙasa, ba a saɓa shi a kafaɗa. In mutum ya zame sai ya jefar da shi nesa. Tazarar mita 3 tsakanin mutum da mutum, a tafiya da a aiki. Wanda zai wuce ta bayan mai sara ya yi magana, ya jira a amsa. Ba a ɗaga Pulaski sama da kafaɗa. Ka faɗi a gaban kowa inda akwatin magani yake, da inda makullin mota yake, da wanda zai karɓi ragama in kai ne ka ji rauni. Tambayar ciwo kuwa, kamar asma ko ciwon zuciya ko kumburin harbin rina, a yi ta a keɓe, domin mutane ba sa faɗa a bainar jama'a.

Jagora ɗaya ga sababbi biyar ko shida ya isa. Fiye da haka ido ba ya kaiwa. Kai kuma ka rage sara. Wannan shi zai fi yi maka wuya tunda ka saba aiki da hannunka. Duk lokacin da kanka ke sunkuye a kan diga, ba ka ganin dattijon da fuskarsa ta sauya saboda zafi, ba ka ganin su biyun can da suke haƙa magudana ta juye. Ka nuna sau ɗaya, ka miƙa kayan, ka zagaya. Gyara kuskure kuma da wuri, cikin minti goma na farko, kafin mutum ya zuba gumin awa biyu a kan abin da za a rushe.

Mutanen da za su ba ka aiki kala uku ne. Akwai saurayi mai ƙarfi da ke son a gani, yana sara kamar ana biyan sa da awo. Ba shi dutse ko jigilar tsakuwa, ka haɗa shi da mai natsuwa. Akwai tsohon hannu da ya shekara 20 a wannan hanya tun kafin a haifi ƙungiyar, yana da yadda yake yi, wani lokaci tsohon yayi ne. Kada ka ƙaryata shi gaban mutane. Nemi shawararsa tun ranar duba wuri, ka ba shi sababbi ya koya musu abin da ya fi iyawa, abin da kuka saɓa kuma ka jingina shi ga ƙa'idar mai ƙasa. Ba ka da ikon korar kowa sai a kan tsaro, amma a kan tsaro ba sassauci: wanda ya ƙi sa hula ya ajiye kayan aiki. Na uku su ne ma'aikatan kamfani da ake turowa mutum 30 a yini guda, da fararen takalma. Su ba su aikin da ba ya lalacewa, kamar jigila da share ciyawa kusa da mota. Irin wannan cunkoso ya fi yawa a Asabar ta farko ta Yuni da Asabar ta huɗu ta Satumba, ranakun hanyoyi da filayen gwamnati na ƙasa, don haka ka nemi ƙarin jagorori tun wata biyu kafin su.

A tashi aiki mutane na da sauran ƙarfi. Rauni ya fi zuwa a awar ƙarshe da kan hanyar komawa. Ku bi ta kan aikin da aka yi kowa ya ga hannunsa, a ƙirga kaya, a ƙirga mutane, kai ne na ƙarshe a layi.

Yanayi shi ke yanke hukunci, ba jadawalinka ba. An ji tsawa, a ajiye ƙarfe, a sauka daga kan tudu, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A yammacin ƙasar, daga Yuli zuwa Satumba, hayaƙin wutar daji na iya soke maka makonni. Ma'aunin ingancin iska in ya wuce 150 ba lokacin sara ba ne, kuma hukuma na iya hana zarton inji gaba ɗaya in fari ya yi tsanani. A arewa maso gabas matsalar farkon lokaci laka ce. A Vermont ana roƙon mutane su bar hanyoyin kan duwatsu har ƙarshen Mayu. Can kuma kaska ke ɗauke da cutar Lyme, don haka kowa ya duba jikinsa da yamma, in ya ga ta kama ya cire ta a miƙe da hantsaki. Akwai tsiro mai ganye uku-uku da mansa ke sa ƙuraje masu ƙaiƙayi. Man yana zama a safar hannu da ƙota har tsawon watanni, sai an wanke da sabulu. Rina mai gida a cikin ƙasa ta fi faɗa a Agusta da Satumba. Inda waya ba ta kamawa sai na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma wani a gari ya san lokacin da ya kamata ku fito da wanda zai kira in bai ji ku ba.

Rubutu bayan aiki yana cin lokaci fiye da yadda talla ke nunawa. A ranar, ba washegari ba, ka shigar da sunaye, awannin kowa, magudana nawa, gungume nawa, tsawon da aka gyara, da hoton kafin da na bayan daga wuri ɗaya. Awannin nan kuɗi ne. Ƙungiyar Independent Sector tana fitar da ƙimar awa ɗaya ta sa-kai kowace shekara, ta 2023 dala 33.49 ce, kuma tallafin hanyoyi na tarayya galibi yana biyan kashi 80 cikin 100, ƙungiya ta kawo sauran, inda a jihohi da yawa ake karɓar awannin sa-kai a madadin tsabar kuɗi. Awar da ba ka rubuta ba ta fita daga kasafin baɗi. Abin da ya kusa zama haɗari ma a rubuta shi, ko da ba wanda ya ji ciwo.

Game da samun aikin kuwa, duba takardunka tukuna. Ayyukan gwamnatin tarayya da ake tallatawa a USAJOBS, shafin intanet na neman aikin gwamnati, kusan duka na 'yan ƙasa ne, kuma na wucin gadi ba sa wuce awa 1,039 a shekara. Guraben AmeriCorps, shirin hidimar al'umma na gwamnatin tarayya, suna karɓar ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, amma abin da suke bayarwa alawus ne da tallafin karatu a ƙarshe, ba cikakken albashi ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu izinin aiki kawai suke bukata. Tallan lokacin zafi yana fitowa ne tun daga kaka zuwa Fabrairu, wanda ya jira Afrilu sai ragowa. Horon taimakon gaggawa na daji mai awa 16 shi ne mafi ƙanƙanta da za a nema. Akwai babba mai awa 70 zuwa 80 wanda ke ɗaga takardarka sosai. Lasisin tuƙi marar tarihin laifin hanya wajibi ne, domin za ka ja motar mutane da kaya, kuma in akwai yara a shirin za a binciki tarihinka. Kafin hira, ka je aikin sa-kai sau biyu ko uku da ƙungiyar da kake nema. A wannan fage an fi ɗaukar wanda aka gani a kan hanya. Aikin gonar da ka yi ka faɗe shi, musamman in ka taɓa raba wa mutane aiki ko ka san yadda ruwa ke cin gona a gangare.

Kai ma ka yi musu tambaya kafin ka amsa. Akwai wurin kwana ko kai za ka nema, domin haya a garuruwan bakin duwatsu na iya cinye albashin. In da motarka za ka yi zirga-zirga, nawa ake biya kowace mil. Asabar da Lahadi ranakun aiki ne, to waɗanne ne na hutu, kuma in kana son safiyar Juma'a zuwa azahar ka faɗa tun yanzu a sa a jadawali. In akwai fita ta kwana biyar ko takwas a tanti, wa ke sayen abinci, wa ke dafawa, kuma ana biyan awannin dare ko a'a. Sannan ka tambayi jagororin sa-kai nawa suke da su masu horo a yanzu. In amsar biyu ce ko uku, to watan farko gaba ɗaya horar da jagorori za ka yi, kuma ya kamata a rage yawan fitar da aka ɗora maka daidai da haka.